Yaɓen Bana

Zauren gidan Malam Bahago da ke Ƙofar Galadima a Zariya ya tsage tun daga azara har ƙasa, ga damina ta ƙarato. Ginin ƙasa kuwa yaɓe yake so duk shekara. A da mazan gidan ne ke taruwa su kwaɓa ƙasa su yi. Yanzu duk sun watse. Malam kaɗai ya rage, da ciwon gwiwa, da ƙananan jikoki masu wasa a cikin zauren.

Ana haka sai ɗansa Zaharaddini, wanda ke aiki a wani ƙaramin gari a Amirka, ya kira shi ta bidiyo.

"Baba, dubi gidan katakon nan. Tun Ingila na mulkinsu aka gina shi. Daga shi sai injin niƙa a bakin rafi garin ya fara. Jirgin ƙasa ya zo, kasuwa ta kafu, gari ya bunƙasa, amma ba wanda ya taɓa shi. Mu kuwa na ji wai za ku rushe zaurenmu. Tarihi ne fa, Baba."

"Wa ke gyara musu shi?"

"Mutanen garin. Duk shekara sukan taru su shafa fenti, su sauya katakon da ya ruɓe."

"Jikokin mai gidan fa?"

"Suna nan. Wata tsohuwa cikinsu ma ke riƙe da makulli."

"Ashe ba su taho Zariya neman aiki ba."

Zaharaddini ya yi dariya. Malam bai yi ba.

"Ai sai a ɗauko magina, Baba."

"Maginin ƙasa wa ka sani ya rage? Idi ne, shi ma ya tsufa, 'ya'yansa bulo suke bugawa. Hannu nake nema. Za ka zo kafin ruwa ya sauka?"

"Hutuna sai Disamba."

"To, Allah ya yi maka albarka."

Washegari hadari ya haɗo daga gabas. Malam ya kori jikokin zuwa cikin gida, ya naɗe buzun da marigayi mahaifinsa ke karatu a kai, ya aika aka kira Idi.

"Fara daga sama. Gara mu sauke shi da ya sauka kan yara. Azarar dai ka cire ta a hankali, kakana ne ya ɗora ta."

"Ina za a ajiye ta, Malam?"

"Jingine ta a bayan gida. In mai tarihin ya zo a Disamba, ya ɗauke ta hoto."