Ba a Sami Wannan Suna Ba

Kwana goma sha uku ke nan da kogin Chamelecón ya ɓalle ya shiga La Lima, har yau garin warin taɓo yake yi. Dilcia Banegas tana zaune a saman benen cocin unguwarsu, a wani lungu tsakanin buhunan wake da katifun agaji, kwamfutarta a kan teburin yara wanda gwiwoyinta ba sa shiga ƙarƙashinsa. Ita ta gina shafin cigiyar 'yan'uwa. Cikin kwana biyu ta haɗa shi, lokacin da ruwa yake kan rufin gidaje: masu aikin sa-kai a kowace mafaka su shigar da sunan duk wanda aka kawo musu, mai cigiya kuma ya rubuta suna a ɗan akwati ya ga inda nasa yake. Mutane da yawa ta nan suka gano nasu. Dilcia ba ta nuna son yabo a baki, amma fa tana jin daɗi in ta wuce layin karɓar ruwa aka nuna ta da leɓe.

Mutum ɗaya ne shafin bai samo mata ba, shi ne kuma wanda ta fi so ya samo. Don Cástulo Interiano, tsoho mai shekara tamanin da ɗaya, mahaifin Nolvia maƙwabciyarta. Dilcia ce ta riƙe 'yar Nolvia ranar baftisma, tun daga nan ba sa kiran juna da suna, sai komadre. Ranar ambaliyar tsohon ya fita duba kajinsa, bai dawo ba. Nolvia ta taka mafaka sun fi ashirin cikin taɓo, ta je asibiti, ta je ɗakin ajiye gawa. Kullum da yamma sai ta biyo ta ce komadre a duba mata, wai hannun mai abu ya fi sa'a. Dilcia ta rubuta sunan, shafin ya amsa da jimlar da ita ta tsara masa: ba a sami wannan suna ba. A kwana na biyar aka tsinci hularsa maƙale a wayar shingen gonar ayaba. Gwaggwannin Nolvia suka ce a daina wahalar da rai, a fara masa addu'ar kwana tara ko da babu gawa. Yau ce ta tara. Da ƙarfe huɗu za a yi ta ƙarshe a sauke labulen makoki, shi ke nan Don Cástulo ya shiga sahun matattu.

Wajen ƙarfe goma na safe wayarta ta yi ƙara. Wata mata ce mai kaifin murya, ta ce sunanta Profe Ondina, shugabar wata makaranta a Villanueva da aka mai da mafaka. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce mutum ɗari biyu da sittin take riƙe da su, kowa da hannunta ta shigar da shi, amma yau da safe wata mata ta shigo neman abinci ta yi kiciɓis da mijinta a layin kofi. Bayan an gama koke-koke matar ta juyo ta wanke ta tas, ta ce kwana goma tana tambayar shafin yana cewa babu shi.

Dilcia ta yi abin da duk mai wannan sana'a yake fara yi, ta ɗora wa mai ƙorafi laifi. Ta tambaya ko Profe tana danna maɓallin ajiyewa, ko intanet ɗinsu yana yankewa.

"'Yar nan, shekara talatin ina kiran sunan yara a aji, ban taɓa ɓatar da ko ɗaya ba," in ji Profe Ondina. "Duba naki gefen."

Ta ba ta sunan mijin matar. Dilcia ta rubuta a akwatin, babu. Ta goge tsofaffin amsoshin da shafin yake ajiyewa don sauri, ta sake gwadawa, babu. Ta gwada da sunan mahaifi kaɗai. Mutum shida suka fito, ba shi a ciki.

Selvin Turcios ya hawo benen yana haki, wainar wake a hannu ɗaya, jarkar man janareta a ɗayan. Shekara ashirin ya yi yana hawa turakun waya kafin tumbi ya hana shi, yanzu shi ne mai kula da wuta da wayoyin cocin. Ya dube ta ya ce lafiya injiniya take muzurai kamar wadda ta ga maciji a tukunya. Ta ce ya rufa mata baki ya zo ya tsaya nan.

Shafin gida biyu ne da shi. Akwai rumbu, inda kowane suna yake faɗawa da zarar an shigar da shi. Akwai kuma fihirisa, jerin da akwatin nema yake dubawa, don in aka ce kowane mai cigiya sai ya tono rumbun gaba ɗaya, sabar da suke haya, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kanta, durƙushewa za ta yi. Dilcia ta rubuta wani ɗan umarni wanda yake tashi duk bayan awa ɗaya, ya kwashe sunayen rumbu tun daga na farko ya jera su a fihirisa. Ta sa kwamfuta ta ƙirga rumbu: dubu goma sha ɗaya da ɗari uku da arba'in da biyu. Ta sa ta ƙirga fihirisa: dubu takwas da 'yan kai.

Selvin ya daina tauna. Ya tambaya ina sauran dubu ukun suka shiga.

Dilcia ta fara ganewa. Ta buɗe kundin kurakurai, wanda rabonta da shi tun ranar farko. Layi ɗaya ne a ciki, an maimaita shi sau ɗari biyu da arba'in, awa bayan awa, kwana goma cur. Sabar tana ba kowane umarni daƙiƙa talatin ne kacal, in bai gama ba ta datse shi. Lokacin da sunaye ba su da yawa, nata yana gamawa da wuri. Da suka haura dubu takwas sai lokaci ya riƙa ƙare masa a hanya, ya ajiye abin da ya samu ya mutu. Duk wanda aka shigar daga yammacin kwana na uku, shafin bai san da zamansa ba. Kuma abin haushin, sabar ta yi iya ƙoƙarinta, ta yi ta kuka. Dilcia ce da hannunta ta rufe mata baki tun ranar farko, ta hana saƙon kuskure fitowa a fili, don kada mai neman uwarsa ya ga tarkacen rubutun Turanci ya firgita. Ta ce za ta riƙa leƙa kundin kullum. Ba ta leƙa ba, tana can tana amsa gaisuwa a layin ruwa.

Sau goma sha Nolvia ta tsaya a kanta tana roƙo, sau goma sha ta rubuta sunan tsohon a akwatin nan na kowa da kowa, alhali ita kaɗai ce a duk ƙasar take da mabuɗin rumbu. Ba ta taɓa leƙawa ba, saboda ta yarda da abin da ta gina fiye da yadda ya kamata.

Ta buɗe rumbun ta rubuta Interiano, sai yatsanta ya tsaya a kan maɓalli. In sunan ba ya ciki, tsohon ya mutu, babu mai tuhumarta. In yana ciki, ita ta sa komadre zaman makokin uba mai rai. Kuma na ɗan lokaci, gaskiya ɗaya ce, ta ji tana fatan kada ya fito. Kunyar wannan tunani ta kama ta. Selvin ya ce ta danna mana, ko sai ya danna mata. Ta danna.

Cástulo Interiano, shekara tamanin da ɗaya, makarantar Villanueva, an shigar da shi kwana goma da suka wuce. A gurbin ƙarin bayani Profe Ondina ta rubuta: ba ya tuna lambar waya, ba ya tuna sunan unguwa, kullum yana tambaya ko 'yarsa ta zo.

Kwana goma ba wasa ba ne ga tsoho mai ciwon hawan jini. Dilcia ta kira Profe, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta sake kira, ta sake, tana tsaye tana zaga teburin. A na huɗu aka ɗauka. Profe ta ce wane, tsohon nan mai mita? Ga shi can bakin ƙofa a kan kujerar ɗalibai, da hular aro, tun safe yake faɗa wai kofinsu ruwan wanki ne. Dilcia ta zauna daɓas a kan buhun wake ta fashe da kuka. Selvin ya kau da kai yana duba wata waya da babu abin da ya same ta.

So take ta ruga gidan Nolvia nan take, amma akwai sauran sunaye dubu uku. Ta share fuska ta koma kan teburin. Ta gyara umarnin yadda zai riƙa ɗaukar sunaye ɗari biyar-biyar, ya gama kashi ɗaya ya ajiye sannan ya ɗauki na gaba, ta kuma sa in ya sake mutuwa a hanya saƙo ya shigo wayarta. Sau biyu ta yi kuskure. A na uku ya tashi. Suka zuba wa allon ido lissafin yana hawa, dubu tara, dubu goma, har fihirisa ta yi daidai da rumbu. Ta rubuta sunan mijin matar nan a akwati, ya fito.

Sai ta yi abin da ya fi mata ciwo. Shafin yana ajiye duk sunan da aka nema bai samu ba, tare da lambar mai cigiya in ya bari. Ta gwama wannan jerin da rumbu. Mutum ɗari shida da goma sha biyu aka nema, aka ce babu su, alhali suna nan a mafaka suna jiran a zo.

Selvin ya ce a turo masa rabi ya fara kira. Sannan ya rage murya ya ce in ta je wajen Nolvia, ba sai ta tona kanta ba. Ta ce yau aka shigar da sunan, wa zai sani? Mutane murna za su yi, babu mai tambayar kwanan wata. Ya ce shi dai yana ji mata tsoro ne, unguwar nan ba ta mantuwa. Dilcia ta ce ta ji. Har ta sauka daga benen ba ta san abin da za ta faɗa ba.

Ƙarfe biyu saura ta isa gidan. Shatin taɓo yana nan a bango har saman taga. A falo an rataye farin labule da baƙin ƙyalle ɗaure a tsakiya, ga kyandirori, ga kofin ruwa, ga hoton Don Cástulo da hularsa da aka wanke. A tsakar gida gwaggwanni suna naɗe tamal, wani irin alalen masara, a ganyen ayaba, babbar tukunya tana kan wuta. Nolvia ta ɗago, ta rame har wuyanta ya fito. Ta ce komadre ta yi sammako, ta zo ta kama musu ɗauri.

"Komadre, Baba yana da rai. Yana Villanueva, a wata makaranta. Yanzu na yi magana da mai kula da su."

Wata gwaggo ta yar da ludayi, wata ta zube tana kiran sunan Budurwa Maryamu. Gidan ya kaure. Nolvia kaɗai ba ta motsa ba, ganye a hannunta. Ta sa Dilcia ta kira makarantar, aka kai wa tsohon waya. Duk suna jin muryarsa yana faɗa, wai ina ta shiga, wa ya ba kaji abinci. Nolvia ta ce tana zuwa, Baba, tana zuwa. Ta kashe wayar ta riƙe ta a ƙirji, ta daɗe a haka. Sannan ta dubi Dilcia.

"Tun yaushe yake can?"

Ga ƙofar da Selvin ya nuna mata, a buɗe. Dilcia ba ta bi ta cikinta ba.

"Kwana goma. Sunansa yana hannuna tun ranar. Shafin ne ya lalace, ni na lalata shi, kuma ban duba inda ya kamata in duba ba."

"Kullum ina zuwa ina tambayarki."

"Kullum kina zuwa."

Nolvia ba ta zage ta ba, da ma ta zage ta da ta fi jin sauƙi. Shiga falo ta yi ta hure kyandirorin ɗaya bayan ɗaya, ta kwance baƙin ƙyallen, ta ɗauki hular. Ta ce wa gwaggwanni a juye tamal ɗin a bokiti, tun da nasa ne, shi zai ci da mutanen da suka riƙe shi. Aka samo mai a-kori-kura da ya san hanyar da ba ta yanke ba. Dilcia ta kama hannun bokitin za ta taya ta ɗorawa, ta ce za ta raka ta.

Nolvia ta janye bokitin a hankali. "A'a, komadre. Ba ni kaɗai na kunna kyandir a layin nan ba. Je ki gaya musu, kuma ki faɗa musu kwana nawa, kamar yadda kika faɗa mini."

Motar ta tashi tana watsa taɓo. Dilcia ta tsaya a bakin titi ta buɗe jerin a wayarta. Daga inda take tana hango ƙofofi huɗu masu baƙin ƙyalle. Biyu daga cikinsu sunan mutanensu yana jerin, biyu babu, kuma ta san duk wanda ya gan ta tana ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci zai fito ya tsaya yana jiran ta zo tasa. Ta tsallaka kwata, ta nufi ƙofa ta farko.