Kofin Likita

Tun da safe Likita ya fara kwashe kansa daga ofishin. Ba likitan mutane ba ne, kwamfutocin kamfanin inshorar su ne majinyatansa, kuma sunan ya bi shi tun ranar da ya tayar da sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita, bayan kowa ya gama yi mata ta'aziyya. Ya ɗauke hoton 'yan biyunsa daga gefen allon kwamfuta. Ya zaro silifas ɗinsa daga ƙarƙashin tebur, ya kwance matashin da matarsa ta ɗinka wa kujerarsa saboda ciwon baya, ya cusa su duka a jaka. Tukunyar furen da ya yi raino tun yana reshe ɗaya ya kai ta teburin wani. Da ya waiwayo, teburinsa ya yi fayau kamar na wanda bai taɓa kwana a duniya ba.

Dokar haraji ce ta sauya. A da, ɗan kwangila irinsa yana da ɗan ƙaramin kamfani na kansa, ana biyan kamfanin, shi kuma ya ji da harajinsa. Yanzu an ce duk wanda ya ɗauki ɗan kwangila sai ya tantance: mai zaman kansa ne da gaske, ko ma'aikaci ne da aka saka wa rigar kwangila? In ma'aikaci ne, kamfani zai riƙa cire masa haraji, ya kuma biya nasa kason a kansa. Babban ofis bai yi wata-wata ba, ya ce duk wanda aka samu ya yi kama da ma'aikaci, kwangilarsa ta ƙare. Ɗan kamfanin Likita kuwa, wanda yake zaune a ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin ɗin gidansu, ba shi da wani abokin hulɗa sai wannan wuri. Yau kuma za a zo tantance su.

Jiya da yamma matarsa ta tsare shi a kicin tana yanka albasa, tana yi masa bita.

"Abban 'yan biyu, sake faɗi. Wa ke ba ka umarni a wurin?"

"Babu kowa. Aiki suke ba ni, ni nake zaɓen yadda zan yi shi."

"Yaushe kake zuwa?"

"Lokacin da na ga dama."

"In ba ka da lafiya fa?"

"Sai in turo wani a madadina."

"To ka daina faɗinsa kamar ana cire maka haƙori. Duk yana cikin kwangilarka, ba ƙarya na ce ka yi ba." Ta goge ido da bayan hannu, ta ce albasa ce. Sannan ta gyara masa wuyan riga, ta bar hannunta a wurin ya ɗan jima. "Yini ɗaya kawai, ka zama baƙo. Ka ji?"

Ya ji. Shi da yake iya gane takun kowa a barandar ofishin, yau zai zama baƙo.

Wanda aka fara kira shi ne ɗaya ɗan kwangilar, wanda ake ce wa Kurma saboda abin sauraren da ba ya rabuwa da kunnuwansa. Kurma ba ya gaida kowa, ba ya shan shayin ofis, ba ya zuwa sai ya bushi iska. Bai daɗe a ɗakin taro ba ya fito yana murmushi, abin da ba a taɓa gani a fuskarsa ba.

"Sun tambaye ni sunan Manaja, na ce ban sani ba," ya ce wa Likita a hankali. "Wallahi da gaske ban sani ba. Shiga, malam, ka manta da kowa."

Ɗakin taron bangonsa gilashi ne. Mai tantancewar budurwa ce mai tabarau da sanyin murya, an turo ta daga wani kamfanin akantoci. Ta yi masa tambayoyin, ya ba da amsoshin kamar yadda aka yi bita, tana bugawa a kwamfutarta tana gyaɗa kai.

"Kana da teburin kanka a nan?"

"Inda na samu nake zama."

"Kana shiga harkokin ma'aikata? Walima, gudunmawa, irin waɗannan?"

"A'a. Ni ba ɗan gidan nan ba ne. Aiki ke kawo ni, in na gama in tafi."

Daidai nan ƙofa ta buɗe da gwiwar hannu. Uwar Ofis ce, tsohuwar sakatariyar da ta riga fentin ginin zuwa, ɗauke da faranti. Ta yi makonni a gidan 'yarta da ta haihu, yau ta dawo, ba wanda ya samu sararin gaya mata abin da ake ciki. A kan farantin akwai kofin baƙi fari, sai kuma wani shuɗin kofi mai tsagaggen baki, an rubuta LIKITA a jikinsa da jan fentin farce. A cikin kabad ɗinta take kulle shi don kada wani ya sha da shi. Kofin nan kaɗai Likita ya manta bai ɓoye ba.

Ta tsaya cak da farantin a hannunta.

"Me na ji ka ce? Ba ɗan gidan nan ba?"

"Inna, don Allah, muna cikin..."

"Rufe mini baki, ɗan nan." Ta dire farantin, ta juya ga budurwar. Ta ji ƙishin-ƙishin a ƙofa cewa za a rage mutane, don haka ta gyara tsayuwa irin ta mai ceton rai. "'Yata, kada ki saurare shi, kunya ce ke damunsa, ba ya son yabo. In akwai ɗan gida a ginin nan, to shi ne. Kullum shi ke riga mai gadi buɗe ido. Makullin ɗakin sabar yana wuyansa, na ɗakin shayi ma na ba shi ɗaya. Ko fita cin abinci zai yi sai ya leƙa ya gaya wa Manaja."

Yatsun budurwar suka tsaya a kan madannai.

"Inna..."

"Ban gama ba. Ranar da ya kwanta asibiti, Manaja ya ce ko a nemo wani ya riƙe masa, muka ce Allah ya kiyaye, ba mai taɓa mana kwamfuta sai shi. Daga gadon asibitin ya gyara mana ta waya. Shi ke tara gudunmawa in an yi wa wani rasuwa. Da mijina ya rasu, wa ya kwana biyu yana jigilar baƙi da motarsa? Tambaye shi! Kin ga teburin can na jikin taga? Nasa ne, ko Manaja bai isa ya zauna a kujerar ba." Ta leƙa ta gilashin, ta yamutsa fuska. "Kai, ina hoton jikokina? Wa ya kwashe masa kaya?"

Ta bayan gilashi Likita ya hango Kurma ya zare abin kunnensa, bakinsa a buɗe. Manaja na tsaye a ƙofar ofishinsa, ya dafe kai da hannu biyu.

Budurwar ta cire tabarau, ta dube shi. Babu mugunta a idonta, tausayi ne ma, kuma shi ya fi ba shi tsoro.

"Malam, abin da ta faɗa haka yake? In ka ce ba haka ba ne, maganarka zan rubuta, tunda kai ake tantancewa."

Ga ƙofa an buɗe masa. Kalma biyu kawai: tsufa ne, ruɗewa ta yi. Ya tuna hannun matarsa a wuyan rigarsa, ya tuna ɗan ɗakin da ke kusa da kicin da takardar rajistar kamfaninsu da suka saka a firam suka rataye kamar hoton aure. Sai ya dubi Uwar Ofis. Tana tsaye tana haki, fuskarta cike da alfahari, tana jiran ya sunkuyar da kai irin na ɗan da aka yaba a gaban baƙi. Tururi na tashi daga shuɗin kofin. Ta saka masa citta, kamar kullum.

"Haka yake," ya ce. Muryar kamar ba tasa ba. "Duk haka yake."

"Kin ji ko?" Uwar Ofis ta tafa hannu. "Sha shayinka, ɗan albarka."

Budurwar ta mayar da tabarau, ta yi rubutu mai ɗan tsawo, ta rufe kwamfutar a hankali kamar mai rufe idon mamaci.

A baranda Manaja ya tare shi, ya kama hannunsa bai saki ba. "Likita, ka san ba daga ni ba ne. Babban ofis sun ce babu togiya. Zuwa ƙarshen wata..."

"Ƙarshen wata me?" Uwar Ofis ce a bayansu, da farantin a hannu.

Kurma ne, wanda bai taɓa yi mata magana ba, ya matso ya yi mata bayani da 'yan kalmomi, idonsa a ƙasa: waɗanda suka zama 'yan gida su ake sallama, baƙi su ake bari.

Ta dube shi, ta dubi Manaja, ta dubi Likita. Sai farin kofin baƙin ya zame daga farantin ya tarwatse a kan tayil. Shuɗin ta cafe shi da hannu ɗaya, ta saki farantin, ta bi barandar da gudun da gwiwoyinta suka daɗe da mantawa. Budurwar na tsaye a bakin lif da jakarta.

"'Yata! 'Yata, tsaya! Ƙarya na yi miki! Wallahi ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba sai yau! Tsufa ne, ki goge, ki goge don girman Allah!"

Tana faɗa tana kuka, kofin na manne a ƙirjinta, jan rubutun na kallon kowa. Budurwar ta dubi kofin, ta ce, "Ki yi haƙuri, Mama," da muryar da ita ma ta kusa karyewa. Ƙofar lif ta haɗe a tsakaninsu.

Likita ya ƙarasa ya kama kafaɗun tsohuwar, ya zaunar da ita a kan bencin baƙi. Wayarsa na ta rawa a aljihu, ya san matarsa ce, ya kuma san tambayar da za ta yi. Bai ɗauka ba tukuna. Ya zare kofin daga yatsun Uwar Ofis ɗaya bayan ɗaya, ya zauna kusa da ita, ya shanye ɗan abin da ya rage a ciki. Ya huce, amma cittar na nan.