Shingen Suruki a Maƙogwaron Dam

Kwana uku ke nan ana marka, sama ba ta ɗaga ba ko na tsawon sallar azahar. Da hantsin ranar Laraba aka ɗan tsagaita, Hashimu ya gangara jikin dam ɗin ya duba sandar awon ruwa. Jan layin da ke jikinta ya nutse. Ya zura hannu yana lalube, bai taɓo shi ba sai da ruwa ya kai masa gwiwar hannu.

Shekara biyu da suka wuce, a shekarar ƙarin albashin Udoji, aka kawo katafila ta tara jar ƙasa, aka datse rafin da ke cinye Unguwar Yelwa, can bayan Indabo, duk damina. Hashimu aka ɗauka gadi saboda ya yi firamare, ya iya lamba. Ranar da injiniyan da ya yi aikin zai koma Kano ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Wannan ƙasa ce, ba siminti ba. Ran da ruwa ya hau kansa, kafin ka gama alwala babu shi." Shi ya sa aka yanka wata faffaɗar hanya a gefe, don in ruwa ya kai jan layi ya fice ta nan. Mutanen gari maƙogwaro suke kiranta.

To, maƙogwaron nan ne aka shaƙe. Wanda ya shaƙe shi kuwa Sarkin Ruwa Labaran ne, uban matarsa Safara'u.

Tun farkon damina tsohon ya ga karfasa da tarwaɗa suna bin ruwa suna ficewa, ya sa masunta suka kafa turaku, suka ɗaura zana, suka jera buhunan yashi a gindi. Yanzu ciyawa da kara da rassan da ruwa ya kwaso sun manne a jikin shingen, ya zama bango.

Hashimu bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba. In ya hango shi a hanya, kan gona yake ratsewa. Ta yaya zai buɗe baki ya ce masa ka yi kuskure? Sau huɗu yana aika saƙo ta bakin Ya'u, ƙanin Safara'u. Shi kuwa Ya'u abokin wasansa ne, ko mutuwa Hashimu ya faɗa masa sai ya nemi abin dariya a ciki.

Ga shi nan ma tafe a kan dam, da malfa da koma a kafaɗa, ƙato mai 'ya'ya biyu amma baki kamar na ɗan kama.

"Injiniyan ƙauye! An tashi aikin gwamnati? Yau ruwan nawa ne, ka auna mana da cokali?"

"Ya'u, don girman Allah, ka gaya wa Baba?"

"Na gaya masa mana. Na ce mijin yaya ya ce tsoron kwaɗi ya hana shi barci."

"Ba wasa nake ba!"

"Ai ban taɓa ganin ka yi wasa ba, shi ya sa yaya take ramewa."

Hashimu ya bar shi nan tsaye. Ya sulala ta bayan dam ɗin, ɓangaren da ke kallon gari, yana bin gindinsa da sauri, taɓo na cin ƙafarsa. Wajen tsakiya ya tsaya cak. Akwai wani ɗan wuri da ya saba tsiyaya, ruwa fari tas, injiniya ya ce wannan ba komai. Yau ɓuɓɓuga yake yi, kaurin cinya, ja kamar kunun kanwa. Ya tara hannu ya murza. Ƙasa. Dam ɗin ne yake narkewa ta ciki yana fitowa.

Ya ɗaga kai. Daga nan yana hango rufin kwanon da mutane suka yi ta bugawa a shekarun nan, da hayaƙin girki, da yara suna wasa a kwata. Jiya ya ba wani direban tifa takarda ya kai ofis a Wudil. Shiru. Ko an tashi mota yanzu, hanyar ta yanke.

Da gudu ya shiga gida. Safara'u na tankaɗe a rumfa, da cikinta wata bakwai.

"Tashi. Ɗauki abin da za ki iya, ki hau tudun makaranta. Ki bi gida gida ki gaya wa mata."

"Lafiya, Malam?"

"Dam zai tafi."

Ta saki rariyar. "Ka gaya wa Baba?"

"Yanzu zan je."

"Kai da kanka?" Ta dube shi kamar ya ce zai shiga kasuwa tsirara. "Ka bari in je in..."

"Sau nawa kika je? Ya ce mace ba ta san ruwa ba." Ya zaro gatari daga bayan ƙofa ya fice.

Sarkin Ruwa na zaune a ƙarƙashin wata rumfar kara a bakin maƙogwaron, masunta kusan goma sun kewaye shi suna gyaran koma. Hashimu ya ajiye gatarin a bayan wani dutse, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa cikin taɓo, kansa a ƙasa.

"Barka da hantsi, Baba."

"Barka kadai. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya iyali?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara," in ji Hashimu, bakinsa ya faɗa da kansa, don haka ake amsawa. Ya ji kamar ya mari kansa. Ta gefen ido yana ganin igiyar ruwa tana lasar gefen dam, saura taƙi biyu ta hau.

"Baba, dama... dama cewa na yi, ko za a ɗan sassauta wa ruwan nan hanya."

Tsohon bai dube shi ba, masunta ya duba. "Kun ji 'yan boko. Ni da aka yanke mini cibiya a kwalekwale, ni za a koya wa ruwa. Gobe da yamma za mu ja koma, in mun kwashe kifi a buɗe. Tashi ka je, yaro, Allah ya yi albarka."

"Ba zai kai gobe ba, Baba."

"Na ce Allah ya yi albarka."

An sallame shi ke nan. Ƙafafunsa har sun fara ja da baya yadda suka saba. Sai ya ji wani sauti daga bayan dam, tim, kamar an yar da buhun gero. Wani ɓangare na ƙasar ya zame.

Hashimu ya miƙe tsaye. Ya ɗaga kai ya dubi surukinsa cikin ido.

"Labaran!"

Koma ta faɗi daga hannun wani. Ya'u, da ya iso yana shirin sakin wata maganar, ya tsaya baki buɗe.

"Shingenka zai kashe garin nan! Zai kashe 'yarka da abin da ke cikinta! Ka aika a duba bayan dam, jan ruwa yake amai!"

Tsohon ya tashi a hankali. "Sunana ka kira?"

Hashimu ya riga ya ɗauko gatari.

"Wallahi ka sa ƙarfe a jikin turken nan," in ji Sarkin Ruwa, "'yata ta gama kwana a gidanka."

Hashimu ya faɗa ruwan. Ya kai masa ƙirji, sanyi kamar ƙanƙara, yana danna shi jikin zana. Ya laluba turken tsakiya, wanda ya fi kauri, ya kai masa sara. Gatarin ya zame. Ya sake. A bakin gaɓa ana ta ihu, wasu na cewa a kamo shi, ba wanda ya shigo. Sara na bakwai turken ya yi ƙara. Na tara ya karye.

Shingen bai buɗe a hankali ba, gaba ɗaya ya tafi. Zana da buhuna da kifi da Hashimu, ruwa ya haɗa ya watsa su cikin maƙogwaron. Ya bugu da dutse, ya ji kafaɗarsa ta goce, ya sha ruwa, ya ga sama, ya ga duhu. Sai wani abu ya naɗe shi ya fizge. Koma ce. Ya'u ne ya jefa, shi da mutum uku suna ja suna salati, har suka fito da shi kan gaɓa kamar kifi ragon ruwa.

Ya yi aman ruwa, ya ɗago. "Bayan dam," ya ce. "Buhuna... a danne wurin da yashi."

Wani masunci da ya je dubawa ya dawo a guje, idonsa waje. "Sarki, gaskiya ne! Rami ne, mutum zai shige!"

Sarkin Ruwa ya daɗe yana kallon kifin shekara guda yana bin rafi. Sannan ya daka tsawa, "Me kuke jira? Ku kwaso buhuna!" Bai dubi inda Hashimu yake kwance ba.

Har la'asar suna ɗauka. Maza suka fito daga gari da kwanduna da kwanon sarki, ana zuba yashi da tsakuwa a bakin ramin, ruwa na turewa, ana sake zubawa. Hashimu na jan buhu da hannu ɗaya, ɗayan an ɗaure masa da rawanin wani. Duk bayan ɗan lokaci sai ya hau ya duba sanda. Ruwa na sauka, yatsa ɗaya, yatsa biyu, a hankali kamar mai jin nauyin tafiya. Ɓuɓɓugar ta ragu zuwa kaurin hannu, amma ba ta tsaya ba, kuma gabas ta sake haɗa hadari.

Ya'u ya zo ya sauke buhu kusa da shi, duk jikinsa jar laka.

"Ina Safara'u?" in ji Hashimu.

"Tana tudu, lafiyarta ƙalau." Ya'u ya share fuska. "Baba ya aika a kwashe kayanta. Ya ce daga can gidansa za ta wuce."

Hashimu ya juya ya dubi garin.

"Gidan nasa yana nan, ruwa bai ci ba?"

"Yana nan."

"To," in ji Hashimu. "Kama mini buhun nan, hannuna ba ya ɗagawa."