Bitar da Ba a Gayyaci Kamaldeen Ba

Madam Nasira ita ce mataimakiyar hedimasta a wata firamare ta gwamnati a unguwar Asawase, a ƙasar Ghana. Shekarar da aka sauya manhajar karatu a ƙasar, ita aka ɗora wa aikin tura malamai bita. Sauyin ba ƙarami ba ne. An soke wasu darussa, an shigo da tarihin Ghana, an ce malami ya daina tsayawa gaban allo yana zuba shi kaɗai, ya raba yara rukuni-rukuni su yi aiki da kansu.

A lokacin Madam Rafia, malamar aji huɗu, tana hutun haihuwa. Kwamitin iyaye ya ɗauko Malam Kamaldeen ya riƙe mata ajin. Magidanci ne mai sanyin murya, ya daɗe yana koyarwa a makarantun kuɗi kafin ya koma taya yayansa sayar da takalma a kasuwar Kejetia. Kullum daga unguwar Dichemso yake hawo trotro, wato motar haya, amma yakan riga kowa isowa.

Ana gobe bita ya sami Madam Nasira a ofis.

"Madam, na ji ana maganar bita. Da ni a ciki?"

"Ta malaman dindindin ce, Malam. Idan mun dawo zan zauna da kai in nuna maka komai."

Babu wanda ya ce mata haka. Ita ce dai ta ga mutumin da zai tafi kafin ƙarshen zango, me zai sa a wahalar da shi, a wahalar da kai? Suka je bita suka dawo da takardu niƙi-niƙi. Aka buɗe zauren wasap na malamai ana tura sababbin tsare-tsaren darasi, ba ta sa lambarsa ba. Ya tuna mata alkawarin, ta ce gobe in sha Allah. Ya sake tunawa, ta ce aiki ya yi mata yawa. Daga nan bai ƙara magana ba, ya ci gaba da tsohon littafin da ya tarar a kabad ɗin Madam Rafia.

Wata Talata Mista Alidu, jami'in da ke duba makarantun yankin, ya faɗo ba sanarwa. Nasira ce ta zaga da shi. Da suka shiga aji huɗu, Kamaldeen ya cika allo da kyakkyawan rubutu, yara suna kwafa shiru. Mista Alidu ya karanta, ya ɗauki littafin da ke kan tebur ya juya shi.

"Wannan darasin an soke shi. Ina tarihin da ya kamata ka koyar yanzu? Kai malami ne, ko dai an ɗauko ka gadin yara?"

Wasu yara suka ƙyalƙyale, wasu suka sunkuyar da kai. Jami'in ya juyo wajen Nasira.

"Madam, ba ku sanar da malamanku ba ne?"

"An sanar da kowa, ranka ya daɗe."

Maganar ta fita kafin ta yi tunani. Kamaldeen ya dube ta, ba harara ba, kallo kawai. Ya ɗauki tsumma ya fara goge allon daga sama. Kafin a tashi hedimasta ya sallame shi, aka raba yaran zuwa wasu azuzuwa.

Nasira ta kasa cin abincin kirki a kwanakin nan. Ko a salla sai ta ga hannunsa yana goge rubutun nan. Ranar Juma'a ta faɗa wa hedimasta yadda aka yi. Ya shafa kai ya ce, "To ai bakin alƙalami ya bushe, Madam. Rahoto ya tafi, Rafia kuma ta kusa dawowa. A bar maganar."

Ba ta iya barinta ba. Ranar Asabar ta cusa takardun bita a jaka ta shiga Kejetia, tana kutsawa tsakanin masu dako da masu kiran ciniki, tana tambaya har aka nuna mata rumfar. Ta tarar da shi yana gwada wa wata mata silifa. Ya gama, ya jawo mata benci, ya gaishe ta kamar ba abin da ya faru.

"Malam, na zalunce ka. Na yi maka ƙarya a gaban yara."

Ya zauna shi ma.

"Korar ba ta dame ni sosai ba, Madam, mu masu cike gurbi mun saba. Yaran ne. Makonni ina cusa musu abin da ba wanda zai tambaye su. Suna kwafa, suna haddacewa, saboda sun yarda da ni."

Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta buɗe jakar ta fito da takardun.

"Litinin zan riƙe wani aji a unguwar Aboabo," in ji shi. "Idan kina da lokaci, nuna min yadda ake raba rukunin nan."

Nan cikin warin roba da hayaniyar kasuwa ta yi masa bayani har aka kira azahar. Yana tambaya, tana amsawa, yana tashi ya sallami mai saye ya dawo. Da za ta tafi ya ce akwai wata Malama Hadija da wasu irinsa da ke yawo daga makaranta zuwa makaranta, ba wanda ya taɓa kiransu bita. Nasira ta ce ya turo su makaranta Asabar mai zuwa.

Sun zo, sun kuma ci gaba da zuwa, har suna kawo wasu. Kamaldeen kam sau ɗaya ya leƙo. Bai taɓa cewa ya yafe ba, ita ma ba ta sami bakin tambaya ba.

Da Madam Rafia ta dawo ta duba littattafan yaranta, ta shigo ofis a fusace.

"Yaya Nasira, wane irin malami kuka saka min? Ko shafi ɗaya na tarihi ba su yi ba!"

Sauran malamai suna zaune suna ji. Nasira ta ajiye biron da ke hannunta.

"Malamin ba shi da laifi, Rafia. Ya roƙe ni in nuna masa, ban nuna ba. Zauna, mu ga yadda za mu cike wa yaran abin da suka rasa."