Dutsen Murhu Na Uku

Tun bayan girbi Obadiah yake haƙar bayan gonarsa a Yangoji, saboda jita-jitar cewa Turawa sun binne tukunyar zinariya a wurin. Abin da ya tono kawai wani ƙarfe ne mai tsatsa, mai nauyin tsiya, gindinsa da fukafukai. Ya yar da shi a tsakar gida, ya ɗauki hotonsa a waya, ya kai wa Baba Thaddeus, wani tsohon soja.

Tsohon na ganin hoton fuskarsa ta canza.

"Wace zinariya, ɗan nan? Wannan harsashin igwa ne, kuma bai tashi ba! Yana ina?"

"Yana gida, Baba."

"Kada a buga shi, kada wuta ta kusance shi. Ruga!"

Obadiah ya zuba da gudu. A hanya ya tuna tun makon jiya matarsa Clara take mitar dutsen murhunta ɗaya ya fashe, ba ta da abin tokare tukunya.

Daga nesa ya hango hayaƙin girki yana tashi daga gidansu. Ya jiyo muryarta tana kiran yara su kawo kwanoninsu.