Jinin Ɗanjuma Ya Ƙi Daskarewa

Sai da aka shafe awa biyu da rabi kafin a tsayar da jinin ƙwaurin Ɗanjuma, direban jirgin ruwa mai shekara hamsin da takwas, bayan ƙahon da aka yi masa ranar kasuwar Wara, cikin watan Agustan 2020. Ɗangana wanzami ne ya yi ƙahon, a gaban shaidu fiye da ashirin da shi da kansa ya gayyato.

Maganar ta faro ne wata guda kafin nan, lokacin da korona ta kwantar da Ɗanjuma har aka kai shi cibiyar killace masu cutar a babban birnin jiha. Ya yi kwana goma sha tara ana ƙara masa iska. Ya dawo da numfashinsa, amma ƙafarsa ta hagu ta kumbura ta yi biyun ta dama. Likita ya ce masa cutar kan hura kumburi a cikin jijiyoyin jini, kumburin ya sa jini ya daskare, gudan jinin kuma ya ƙara hura kumburin. Akwai guda ɗaya a can cikin ƙafarsa. Idan ya ɓalle ya tafi huhu, ba lallai a kai ga asibiti ba. Aka ba shi maganin tsinka jini na wata uku.

Ɗanjuma ya maimaita wannan bayani a bakin tashar jirage. Ɗangana, wanda ke yi masa aski shekara arba'in, ya saurara har ƙarshe.

"Gudan jini ya ce?"

"Haka ya ce."

"To, barka da isowar likitoci. Kakana tun kafin a tare ruwan Kainji yake fitar da wanga abu. Wata uku! Ni kafin shayinka ya huce na gama."

Ɗanjuma bai raina likita ba, bai kuma raina wanzaminsa ba. Ya yi lissafi: magani ya tausasa gudan, ƙaho ya zuƙo shi. Saboda haka da safen kasuwa ya haɗiye ƙwayarsa yadda aka umarce shi, ya je ya miƙa ƙafa a kan tabarma.

A al'adar aikin, idan ƙaho ya kama, wanzami kan ɗaga shi ya juye a kan yashi, baƙin guda ya faɗo, mai jiki ya gani da idonsa abin da aka raba shi da shi. Wannan guda shi ne shaidar wanzami. Ɗangana ya yi tsaga shida, ya kafa ƙaho, ya zuƙe, ya toshe. Yayin jira ya yi wa jama'a bayani kan jahilcin masu karatun boko. Sannan ya ɗaga.

Jini ya kwaranyo ja wur, tsararo kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Babu guda ko ɗaya.

Ɗangana ya leƙa cikin ƙahon. Ya girgiza shi. Ya sake leƙawa.

"Ina mugun yake, Sarkin Aska?" in ji wata mai soya kifi.

"Ya ɓuya. Ya ji motsin mutane."

Ya ce a ja da baya, ya goge, ya shafa toka. Jinin ya ratsa tokar. Ya yage haɓar rawaninsa ya ɗaure, jinin ya ratsa rawanin.

"Ɗanjuma, mi ka ci da safe?"

"Kunu. Sai ƙwayata."

"Ka sha abin nan ka zo min nan?"

"To ba don in sauƙaƙa maka aiki ba?"

A amalanken kifi aka tura shi ɗakin shan magani. Wadda ke bakin aiki ita ce Rahila, 'yar ƙanwarsa. Ta ɗaga ƙafar sama, ta danne tsagar da auduga tsawon minti ashirin.

"Kawu, ba a ce maka ko da aska ka yi hattara ba?"

"An ce aski. Ba a ambaci ƙaho ba."

Ɗangana, wanda ya biyo amalanken da zabirarsa a hammata, ya ce maganin ya mayar da jinin abokinsa ruwa, kuma namijin da jininsa ba ya kamawa ba ya tuƙa jirgi. Ya nemi a ajiye ƙwayar kwana bakwai, jini ya dawo hayyacinsa, shi kuma ya sake gwadawa.

"Baba Ɗangana, gudan da ka saba nuna wa mutane a cikin ƙaho yake daskarewa, bayan ya fito," in ji Rahila. "Na Kawu yana can cikin jijiya, inda askarka ba ta kai. Ya bar magani kwana bakwai, ƙila a huhunsa za mu same shi."

"Ke, ni na cire miki belu."

"Na sani, Baba. Riƙe min ƙafar nan sama."

Ya riƙe, awa guda cur, yana kallon bango.

Da jinin ya tsaya, Ɗangana ya ce Ɗanjuma ya zaɓa, ko ƙwaya ko shi. Ɗanjuma ya dubi ƙafarsa, ya dubi rawanin da ya lalace, ya ce ya taɓa jin yadda rashin numfashi yake, ba ya son ƙari. Washegari ya sha maganinsa a gaban Rahila.

Tun daga ranar Ɗangana ya daina yi masa aski. Ɗanjuma kuma ya ƙi kai kansa ga wani wanzami, yanzu hularsa ba ta zama daidai.

Makonni uku bayan haka Rahila ta auna ƙwaurin da zare, ta ga kumburin ya ragu da faɗin yatsa biyu. Ta ce aikin magani ne. Ɗangana ya ce gudan ya tsorata da ƙaho ne ya fara narkewa. An sa wa Ɗanjuma ranar ɗaukar hoton ƙafar a watan Oktoba. Har yanzu babu wanda ya san ko gudan yana nan.