Ƙayar da Maliki Ya Tara

"Matso kusa, Hamidu. Ta gonata kab biyo, ko?"

Hamidu ya tsaya a bakin ɗaki da kwanon kunu a hannu, yana jira idonsa ya saba da duhun ciki. Maliki na kwance bisa tabarma, an tokare masa baya da buhun ƙaiƙayi, ƙafafunsa sun kumbura har suna ƙyalli.

"Wa yag gaya maka?"

"Hancina. Ciwo ya ci ƙafa, bai kai ga hanci ba tukuna. Miƙo hular."

Hamidu ya ajiye kunun da matarsa Tasalla ta damo, ya cire hula ya duba. Ai kuwa ga furen gawo nan ya maƙale a jikinta, fari-fari mai ɗan rawaya. Maliki ya karɓa, ya kai hanci, ya lumshe ido yana shaƙar ƙamshin.

"Ya yi hure ke nan," ya ce a hankali. "Bana ma ya yi."

"Ya yi, uban gawo. Ƙudan zuma sun hana kowa wucewa. 'Ya'yan gawonka kuma sun sake hitowa cikin fangalin albasata, takin awakin nan duk irinsu na. Jiya na tuge wasu na yar."

"Allah shi shirye ka. Kai dai har ka mutu ba ka hankali."

Haka suke tun suna samari, katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a wani ƙauye da ke gefen Tozai. In ka ji su ka ce yanzu za a doku, alhali kuwa ɗaya ba ya iya cin tuwo bai leƙa ɗaya ba. Gawon da ake magana kuwa shi kaɗai ne babban itacen da ya saura tsakanin gari da fadama, sauran duk murhu da gawayi sun cinye. Maliki ya same shi yana ɗan tsiro bai fi yatsa ba, ya kewaye shi da ƙaya, ya riƙa rage masa rassan gefe yana barin na tsakiya, har ya zama abin da shanu ke kwana a inuwarsa da bazara. Kuma yana da doka a kansa wadda ko surukinsa bai ɗaga wa ba. Gawo da damina yake zubar da ganye ya tsaya fayau kamar matacce, to a lokacin ne kawai ake yi masa aski. In ya yi fure, ƙarfe ba ya taɓa shi, don furen nan shi ne 'ya'yan da dabbobin gari za su ci ran da ciyawa ta ƙare.

Maliki ya kurɓi kunu sau ɗaya ya kau da kai.

"Ƙayar da nis sare da damana, nit tara ta gindin gawo, tana nan?"

Hamidu ya sunkuyar da kai. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as. Ƙayar nan ba ta nan. Lokacin da aka kai Maliki asibiti Illela, Hamidu ya yi yayyafin albasa a lambunsa na bakin rijiya, ga shi an kusa sakin dabbobi, ga shi babu ƙaya ko ta sakace a kusa. Sai ya kwashe ta tas ya yi shinge. Ba sata ba ce, tsakani da Allah. Busasshiyar ƙaya a gonar maƙwabci, wa yake roƙonta? Ya ce in mai ita ya dawo ya gaya masa, sai mai ita ya dawo a kwance, magana ta bi ruwa.

"Tana nan," in ji shi. Bakinsa ne ya riga shi.

"Madalla. Tawa ta. Ita za a sa mini bisa." Maliki ya numfasa, ya ci gaba. "Tun damana nij ji jikina. Nic ce in tahiyar ta zo da kaka, yaran ga gawo za su hau da gatari, ga shi yana hure. Shi ya sa nit tanadi tawa tun yana barci. Kak ka bari su taɓa shi, Hamidu. Ka ji?"

A garin nan ba a barin sabon kabari babu ƙaya. Da can saboda kura ake yi, yanzu saboda karnuka da jakuna, amma ko babu su, mutane na ganin kabarin da ba a rufa wa ƙaya ba kamar wanda ba shi da kowa.

"Bar wannan magana," Hamidu ya ce. "Kai za ka binne ni."

"Ka ji, ko ba ka ji ba?"

"Na ji."

Ya fito yana jin kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. A zaure ya yanke shawara: gobe da sassafe zai ɗaura wa jaki amalanke ya nufi dajin wajen iyaka, ko yini zai yi, ya saro wata ƙayar ya canja shingen, ya mayar wa Maliki da tasa inda ya bar ta, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

To, gobe ta Allah ce. Yana cikin ɗaura wa jakin igiya, rana ta ɗan ɗago, sai ya ji salatin Fati matar Maliki ya tsallako katanga. Igiyar ta suɓuce daga hannunsa. Ya durƙusa nan gaban jakin, yana ta maimaita innalillahi, hawaye na bin gemunsa, babba da shi.

Kafin hantsi gida ya cika. Masu haƙa sun tafi maƙabarta, liman ya aiko a yanko likkafani, Tasalla da sauran mata sun shige wajen Fati. Can sai ga ƙarar babur. Isma'ila ne, babban ɗan mamacin, wanda ke kabu-kabu tsakanin Illela da Konni. Ya shiga ya ga mahaifinsa, ya fito ido jawur, bai zauna ba. Irin yaran nan ne da baƙin ciki ke sa su neman abin da za su yi da hannu. Hamidu ya hange shi ya fito daga bayan rumbu da gatari a kafaɗa.

"Ina zuwa, Isma'ila?"

"Ƙaya, Baba. Masu haƙa sun ce ba ko ɗaya can. Gawonmu zan rage wa reshe biyu."

"Aje gatarin ga."

"Mi?"

"Babanka ya hana. Jiya da bakinai yag gaya mini. Ya tara tashi tun damana."

"Ta gona nib biyo yanzu, Baba. Ba komi gindin gawo sai kashin awaki."

Mutanen da ke zaune bisa tabarmi suka ɗago kai. Suka zuba wa Hamidu ido. Sai muryar Fati ta fito daga bayan zana, a dishe.

"Malam Hamidu, matso in gaya maka saƙo."

Ya matsa jikin zanar, kansa a ƙasa.

"Ya san inda ƙayar take. Ni nig gane ta ga shingenka da nit tahi ɗibar ruwa, nig gaya mishi tun kwanaki. Jiya da kaf fita, dariya yay yi ta yi har tari ya sarƙe shi. Yac ce, dubi tsohon banza, ko ƙarya bai iya ba." Ta tsaya ta share hanci. "Yac ce in gaya maka, in albasa ba ta isa dashe ba, ka bar shingenka. Ƙasa ta ishe shi. Gawo dai kar a taɓa."

Wayyo, wannan ita ta karya Hamidu. Ashe tsokanarsa mutumin yake yi, yana bakin kabari bai fasa ba. Ya dafa zanar yana kuka yana kamar zai yi dariya, shi kansa bai san wanne yake yi ba.

Isma'ila ya ji komai, amma bai sauke gatarin ba.

"Inna, ku yi haƙuri. Baba, ka yi haƙuri. Ban barin kabarin ubana tsirara, karnuka su kwana suna tono. Yau shi ba ya da bakin hanawa, ni ke da alhakin rufa mishi asiri."

Kuma ba za ka ce yaron bai da gaskiya ba. Hamidu ya dube shi, ya dubi gatarin. Albasar nan ba ta isa dashe ba, sauran ta da kwanaki. Ita ce cefanen gidansa na rani gaba ɗaya, irin ma da ƙyar ya same shi, kuma tun shekaranjiya aka saki dabbobi, suna nan suna yawo a fadama kamar an aike su. Duk wanda zai iya tsare masa lambu yana gidan nan ko yana maƙabarta, kuma wa zai dubi mutum a ranar jana'iza ya ce je ka yi mini gadin albasa?

"Ba ni gatarin," ya ce. "Ka tsaya wajen wanka, ɗa ba ya barin wannan. Ƙaya tana zuwa."

Ya jingine gatarin a zauren gidansa, ya ɗauki gwafa, ya kora jaki.

Lambun na nan kore shar, ganyen albasa siri-siri sun miƙe, jiya da yamma ya ba su ruwa. Can gefe tumaki da awaki na kiwo, wata jar akuya ta ɗago kai tana kallonsa. Bai yarda ya dubi fangalan sosai ba. Ya sa gwafa ya fara ɗaga shingen, reshe bayan reshe. Ƙayar gawo in ta bushe ba ta da mutunci, ta shiga tafin hannu, ta kama riga, ta tsaga masa dantse. Ya bar gwafar ma ya koma sa hannu don sauri. Kowane reshe ya ɗago sai ya ga saran Maliki a gindinsa, a karkace, sumul, sara ɗaya babu maimaici, yadda ruwa ba zai kwanta wa itacen a ciwo ba. Ya loda amalanke ya yi tozo, bai bar ko ɗaya ba. Yana juya jaki ya ji takun dabbobi a bayansa. Bai waiwaya ba.

Ya iske an idar da salla an ɗauki makara, sai ya bi bayan mutane da amalankensa. Aka sa Maliki a makwancinsa, aka jera itace, aka lulluɓe da laka, aka tura ƙasa. Da aka zo kan ƙaya, mutane suka miƙo hannu, Hamidu ya ce su bari. Shi da Isma'ila suka jera ta tun daga kai har ƙafa, suka danne gefe da duwatsu. Ta rufe kabarin ruf, kamar an auna. Ai kuwa an auna, mai ita ya san tsawonsa.

Isma'ila ya ga jini a hannun tsohon, ya ga ɓurɓushin ganyen albasa a jikin wani reshe. Ya kama hannun da nasa biyu.

"Baba, lambun fa?"

"Yi wa babanka addu'a," in ji Hamidu.

Sai bayan la'asar, da masu gaisuwa suka ɗan tsagaita, ya zame ya nufi fadama. Ta gonar Maliki ya bi. Gawon na tsaye da rassansa cif, ya yi fari da fure, ƙudan zuma na ta kuka a sama, ƙamshi ya cika wurin. Ya ɗan tsaya a inda tarin ƙayar yake a da, sannan ya wuce.

Lambu kam an gama da shi. Abin da ba a ci ba an tattake, fangalan sun baje, sawun kofato ko'ina, har bokitin ban ruwa an ture shi ya kwanta. Hamidu ya tsuguna a gefe ya ɗauki wata 'yar albasa da aka tumɓuke, ya juya ta, ya ajiye. Ransa ya yi baƙi ƙwarai, ba zai ɓoye wa kansa ba. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne babu wanda zai je ya ba labari ya yi masa dariya.

Yana shirin tashi idonsa ya faɗa kan wani abu a kusurwar fangali, tsakanin sawu biyu. Ɗan tsiron gawo ne, daga cikin waɗanda takin awaki ke kawowa, bai fi yatsa ba, da 'yan ganyensa ƙanana. Ya tsere wa hannunsa shekaranjiya, ya tsere wa bakin akuya yau. Hannun Hamidu ya tafi kansa don sabo, ya kama shi da yatsa biyu. Sai ya tsaya.

Ya saki. Ya bi layin da shingen yake a da, a duƙe, yana tsintar guntayen ƙayar da suka kakkarye suka zube, har ya tara cikin hularsa. Ya dawo ya kafa su ɗaya bayan ɗaya kewaye da tsiron, yana danna gindinsu da babban yatsa. Sannan ya ɗaga bokitin, ya tarar da ɗan ruwa ya saura a gefensa, ya tsiyaye shi a hankali cikin da'irar.